Babi na Shida: Tabar Wiwi a Tsakar Gida

Tsiron da ake samun tabar wiwi a jikinsa, wanda masana tsirrai ke kira Cannabis sativa, asalinsa daga tsakiyar nahiyar Asiya ne. Daga ƙwayar iri yake tsirowa, ya yi tsayi, ya yi fure, ya bushe, duk a cikin 'yan watanni. Ganyensa mai yatsu ne, gefensa da haƙora irin na zarto, kuma tun yana ƙarami yana ɗibar kama da rama mai tsagaggen ganye, har wanda bai san shi ba sai ya wuce bai waiwaya ba. Akwai namiji, akwai mace. A furen macen ne wani danƙo mai ƙarfin wari yake taruwa, kuma danƙon nan yana ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya. Biyu ne suka yi suna. THC shi ne mai bugarwa, mai buɗe ciki, mai ƙara bugun zuciya. CBD ba ya sa maye, kuma a kansa masu neman maganin farfaɗiya suka fi mayar da hankali.

An daɗe ana magani da tsiron a Sin da Indiya. Likitocin Turai sun san shi ne ta hannun William O'Shaughnessy, wani likita da ya yi aiki a Kalkata ya kuma bayyana gwaje-gwajensa a 1839. Daga nan tataccen ruwan wiwi ya shiga kantunan magani na Ingila da Amurka, ya daɗe a can, kafin a yi watsi da shi a farkon rabin ƙarni na 20. Ba doka kaɗai ce ta kore shi ba. Likitocin da kansu sun gaji da shi, domin kwalbar yau ba ta yin ƙarfin ta jiya, ga asfirin da allurar mofin sun samu, waɗanda ake auna su daidai. Sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware THC a Isra'ila suka gano fasalinsa. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 kuma aka gano cewa akwai wasu mashigai a ƙwaƙwalwa da jijiyoyin ɗan Adam da wannan sinadari yake kamawa, har ma jiki yana sarrafa irin nasa. Matsalar awo da ta fitar da wiwi daga kantin magani a wancan zamani ita ce har yau take gaban duk wanda ya shuka ta a gida da niyyar magani.

Yadda ta iso tsallaken Kogin Kaduna

Labarin da aka fi ji a Najeriya shi ne sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, musamman waɗanda suka yi yaƙi a ƙasar Bama suka zauna a Indiya, su suka zo da irin. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba nan ne mafari ba, tunda Turawan mulkin mallaka sun riga sun sa wiwi a dokar miyagun ƙwayoyi ta 1935. Abin da ba a musu a kai shi ne bayan yaƙin ne ta bazu. Zuwa tsakiyar shekarun 1960, likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo da Tolani Asuni, sun fara rubutu a kan marasa lafiyar da ke shan ta.

Manyan gonakinta ba a Arewa suke ba. Suna cikin dazuzzukan Ondo, Edo, Delta, Ekiti da Osun, inda ruwa ya wadata, duhuwa kuma take rufa wa gona asiri. Daga can ake danna ta a buhuna, a cusa cikin kaya, a biyo da ita ta Lokoja da Abuja. Motar da ta taso daga wannan hanya kuwa ta Gonin Gora take shigowa Kaduna, wato unguwannin kudu da Kogin Kaduna su ne ƙofar gari.

Waɗannan unguwanni, irin su Kakuri, Makera, Nasarawa, Tirkaniya, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha, masana'antu ne suka raine su. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. Dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar suka cika gidajen haya, Hausa ta zama harshen da kowa ke ciniki da shi. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka sake raba mazauna gari tsakanin wannan tsallake da wancan. 'Ya'yan ma'aikatan masaƙa suka tashi suka tarar da ƙofofin a garƙame. Zaman banza ba shi ya ƙirƙiro shaye-shaye ba, amma yana ba shi lokaci da abokan zama.

Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye, ban da giya da taba sigari, a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. A shiyyar Arewa maso Yamma masu shaye-shayen sun kai kashi 12 cikin 100, kimanin mutum miliyan 3. Yawancin waɗannan nishaɗi ko mantuwa suke nema. Amma a cikinsu akwai masu cewa magani suke yi, kuma ba dukkansu ne ke fakewa da guzuma don harbin karsana ba. Akwai lebura mai ciwon ƙugu, da mai sikila, da wanda barci ya ƙaurace wa, da dattijuwar da ciwon daji ya hana cin abinci har jikanta ya kawo mata shawara.

Abin da shukar gida take bayarwa

Shukar gida a irin waɗannan unguwanni ba gona ba ce. Tushe biyu ne ko uku a tsohon bokiti ko buhun siminti, ko a kangon da ba a gama ginawa ba, ko tsakanin masara da rogo a bakin rafi. Irin kuwa sau da yawa wanda aka tsinta ne a cikin ƙullin da aka saya. Ba ta kuma ɓoyuwa yadda mai ita yake zato. Da ta fara fure warinta yake tona ta, balle a gidan haya mai ɗakuna a jere, inda rijiya ɗaya ce, igiyar shanya ɗaya, kuma yaran gida sun san abin da ke bayan kowace tukunya.

Hujjar mai shukawa ita ce ya san abin da yake sha, ba kamar na kasuwa ba da ake gauraya shi da abin da ba a sani ba, musamman yanzu da irin su Loud da Colorado suka shigo, wasunsu ma ganye ne kawai da aka fesa wa sinadarin da ya fi THC haɗari nesa ba kusa ba. Ta wannan fuska yana da gaskiya. Sai dai sanin inda ganye ya fito daban, sanin ƙarfinsa daban. Tushe biyu daga uwa ɗaya suna iya bambanta sosai wajen yawan THC, fure ya fi ganye ƙarfi ninkin ba ninkin, kuma lokacin da aka cire shi da yadda aka adana shi duk suna sauya lissafi. Abin kamar barkono ne, wani ƙwaya ɗaya ta ishi tukunya, wani sai an zuba tafin hannu, bambancin kawai shi ne barkono harshe yana faɗa tun kafin a haɗiye. Yawancin wiwin da ke yawo an zaɓo irinsa ne shekara da shekaru don ya bugar, saboda haka THC ya yi masa yawa, CBD kuwa kaɗan ne ko babu. Wanda ya ji a rediyo cewa ana maganin farfaɗiya da wiwi, ya je ya dafa wa yaronsa na tsakar gida, sinadarin da ba a so ya ba shi, wanda ake so kuma bai samu ba.

Hanyar shan ma tana da nata. Hayaƙi yana kama mutum cikin mintoci, ya sake shi bayan 'yan sa'o'i. Wanda aka ci a cikin wake, ko aka dafa da shayi mai madara, ko aka jiƙa a ogogoro irin wanda ake kira monki tel a mashaya, yakan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a 2 kafin ya fara aiki, ya kuma daɗe bai saki ba. A wannan tazara ce mutum yake cewa bai ji komai ba ya ƙara, daga baya duka su taso masa lokaci guda da firgita, bugun zuciya, amai da ganin abin da babu. Yaro kuma ba ya bambanta waken da aka sa wa ganye da wanda ba a sa ba.

Sai ƙasar da aka shuka shi a ciki, wadda a wannan yanki ba ƙaramar magana ba ce. Wiwi yana cikin tsirran da ke zuƙar ƙarafa masu guba, irin su dalma da kadmiyom, daga ƙasa su tara a jikinsu, har a wasu ƙasashe ake gwada danginsa wajen tsabtace gurɓatacciyar ƙasa. Magudanan Kakuri da Makera sun shafe shekaru suna kwasar ruwan rini da dattin masana'antu zuwa Kogin Kaduna, kuma masu bincike sun sha samun irin waɗannan ƙarafa a ruwan da ƙasar da ke gefensa. Wanda ya ɗebo ƙasa daga bakin kwata ko juji ya cika bokiti bai san me tushen ya sha ba. Idan kuma aka shanya furen a ɗaki cikin damina, a watan Agusta da iska ke cike da laima, yakan yi fumfuna. Mai lafiya ƙila ya sha ya wuce. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai karɓar kemo saboda ciwon daji ko mai cutar ƙanjamau, wannan fumfuna tana iya kama huhu, kuma su ne mutanen da aka fi kai wa ganyen da sunan taimako.

Abin da bincike ya tabbatar

A 2017 majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta tace bayanan bincike fiye da 10,000 a kan wiwi. Ta sami hujja mai ƙarfi a wuri uku: rage ciwon da ya daɗe a jikin manya, tsayar da tashin zuciya da aman da kemo ke jawowa, da sassauta sandarewar gaɓoɓi a wata cutar jijiyoyi da ake kira MS, wadda ba a cika ganinta a nan ba. Ko a waɗannan wurare ukun ma sauƙin matsakaici ne, ba warkewa ba. Mafi yawan gwaje-gwajen kuma da magungunan da aka auna aka yi su. Dronabinol da nabilone, waɗanda Amurka ta amince da su tun 1985 saboda aman kemo, ƙwayoyi ne da aka haɗa a masana'anta. Sativex, da Birtaniya ta amince da shi a 2010, fesa shi ake yi a baki, kuma kowace fesa ɗaya tana ɗauke da miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD. Epidiolex, da aka amince da shi a 2018, tataccen CBD ne na wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani, ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro, ana kuma duba hantarsa a kai a kai. Ga farfaɗiyar da aka saba gani kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa da tsofaffin magunguna masu araha, in dai ana sha ba fashi.

Sauran abin da ake faɗa a wuraren hira bai tsaya da ƙafarsa ba. Babu hujjar cewa wiwi yana warkar da ciwon daji a jikin mutum. Yana sauke hawan jinin ido, amma na sa'a 3 zuwa 4 kawai, alhali ciwon dare da rana yake aiki, shi ya sa likitocin ido ba sa ba da shi. Mai asma yana iya jin ƙirjinsa ya buɗe na ɗan lokaci, hayaƙin kuma ya bar masa tari da majina. Mai neman barci yana samu a farko, in ya saba sai ya ƙara, ranar da ya daina kuma barcin ya gudu gaba ɗaya. Man kitson da ake haɗawa da shi don tsawon gashi ba a tabbatar da amfaninsa ba.

Sikila ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara. Wanda ya taɓa kwana da mai sikila ranar da ciwon ya tashi, yana murƙususu yana cewa ƙashinsa ake sara, ba zai yi mamakin iyalin da suka gwada duk abin da aka ce musu ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2020 a Amurka, a kan mutum 23 masu sikila, bai sami bambanci na a zo a gani ba wajen rage ciwo tsakanin waɗanda suka shaƙi tururin wiwi da waɗanda aka ba na bogi. Gwajin ƙarami ne, bai rufe magana ba, amma bai buɗe ta ba. Hayaƙi kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, abin da mai sikila ya fi kowa gudu.

A nan ne ainihin giɓin yake. Maganin ciwo mai tsanani da duniya ta yarda da shi, wato mofin na sha, ba shi da tsada, amma samunsa a Najeriya sai an sha wuya, saboda tsauraran ƙa'idoji, da ƙarancinsa a kantunan asibiti, da tsoron da ma'aikatan lafiya kansu suke yi masa. A gefe guda tiramol da kodin sun cika gari ta bayan fage, har gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. Wato mai neman maye yana samu a kan kwana, mai ciwon daji kuma sai an tura shi asibitin Shika. Da yawa daga masu komawa ga ganye da sunan magani wannan hali ne ya tura su, ba wani imani da tsiron ba.

Ɓangaren da ake gani a Barnawa

Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana cikin wannan yanki, kuma matsalar shaye-shaye tana cikin manyan abubuwan da ke kai matasa can. Ba kowane mai shan wiwi ne yake taɓuwa ba, yawancinsu ma ba sa taɓuwa, kuma faɗin akasin haka yana sa matasa su daina sauraron masu gargaɗi, tunda suna ganin abokansu garau. Amma alaƙar tana nan. Wani bincike a kan matasan Suwidin fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, wanda aka wallafa a 1987, ya nuna masu yawan sha sun fi sauran kamuwa da taɓin hankali mai tsanani daga baya. Wani na 2019 da aka yi a biranen Turai da Barazil ya sami haɗarin ya ninka kusan sau 3 ga mai sha kullum, kusan sau 5 idan mai ƙarfin yake sha. Wanda ya fara tun yana ɗan makaranta, da wanda akwai taɓin hankali a danginsu, su suka fi shiga haɗari. Kamu kuma gaskiya ne: kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha yakan kasa dainawa, adadin yana hawa zuwa 1 cikin 6 ga wanda ya fara da ƙuruciya. Mai ciki da ke sha tana iya haifar jariri marar nauyi.

Masu sha sukan ce, "Ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi." Zaƙami ma ganye ne, kuma kowa a ƙasar Hausa ya san abin da yake yi wa wanda ya sha. Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna batun. Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya sa hashisha cikin abubuwan da ke ɓata hankali, ya bambanta ta da giya wajen hukunci, Ibn Taimiyya kuma ya ɗauke ta daidai da giya. Duk biyun sun haramta shan abin da zai gusar da hankali. Ƙofar da malaman fiƙihu suka bari ita ce ta larura, kamar gusar da hankalin wanda za a yanke wa gaɓa, bisa sharaɗin likita amintacce ne ya ce a yi, kuma babu wani maganin da zai tsaya a madadinsa. Coci-cocin yankin ma ba su da sassauci a kan sha.

Doka

Dokar Najeriya ba ta san shukar magani ba. Dokar soja mai lamba 19 ta 1966, wadda aka yi a zamanin Janar Aguiyi-Ironsi, ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka wiwi. An yi mata gyara a 1975 da 1984. Dokar da ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA a 1989 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shukawa ko sarrafa miyagun ƙwayoyi, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka kama da su a hannunsa. Ba ta ware tushe ɗaya daga eka goma ba, kuma mai gidan da ya san ana yi a gidansa ya yi shiru shi ma tana hawa kansa. A aikace alƙalan Babbar Kotun Tarayya sukan yanke abin da bai kai haka ba a ƙananan laifuka, amma takardar asibiti ba ta zama kariya ga wanda aka samu da bokiti a tsakar gida.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. Urugwai ta halatta tushe 6 a gida a 2013, Kanada tushe 4 a 2018, Jamus tushe 3 a 2024. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta yanke a watan Satumban 2018 cewa baligi yana da damar shukawa da sha a keɓe. Lesotho, wadda ta fara ba da lasisi a 2017, da Zimbabuwe da Maroko, noman magani da na masana'antu suka buɗe ƙarƙashin lasisi, ba shukar gida ba. Gana ta tsaya a kan irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Tailan ta saki abin a 2022, ta dawo ta ɗaure shi da takardar likita a 2025.

A Najeriya marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, shi ya fi kowa ɗaga murya, har ya je Tailan a 2019 ya ga yadda suke yi, yana mai cewa gara a mayar da gonakin dajin jiharsa abin da gwamnati ke sa wa ido tana karɓar haraji. Buba Marwa, wanda ya karɓi shugabancin NDLEA a Janairun 2021, ya tsaya a kan cewa ƙasar da ke da masu sha fiye da miliyan 10 ba ta da halin sakin linzami. A watan Disambar 2020, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani na yarjejeniyar 1961 da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Ƙudurorin da 'yan Majalisar Wakilai irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha suka gabatar sun ginu ne a kan lasisi da rajista, kuma a watan Maris na 2023 majalisar ta jingine su bayan zazzafar muhawara.